Yadda muka bi diddigin rashin ƙarfin wata Corolla har zuwa salansa

Motar da nake magana a kanta Toyota Corolla ce ƙirar 2005, mai canza giya da kanta, daga cikin waɗanda aka yi amfani da su a Amurka kafin su shigo mana ta Kwatano. Injinta mai silinda huɗu ne, lita 1.8, wanda kamfanin ya sa wa lamba 1ZZ-FE, kuma idan yana da lafiya ƙarfinsa ya kai na doki kusan 130, abin da ya ishi motar da ba ta da nauyi sosai. Ƙarfin bai ɓace dare ɗaya ba. Ya riƙa raguwa ne sannu a hankali, ta yadda a cikin garin Kano, inda cunkoso ba ya barin mutum ya yi gudun kirki, babu wanda zai shiga motar ya ce tana da matsala. A babbar hanya ne asirinta yake tonuwa. Idan na fito zan wuce tirela tsakanin Kano da Zariya, sai in taka totur har ƙasa, giya ta sauko, inji ya ɗaga murya, amma motar ta ƙi ja, har ya zama dole in koma bayan tirelar in jira wuri mai faɗi. Shan mai ya ƙaru, ƙasan motar ya riƙa ɗaukar zafi fiye da yadda na saba ji, kuma bayan doguwar tafiya nakan ji warin ruɓaɓɓen ƙwai idan na zagaya ta baya. Abin ya fi tsananta a Hawan Kibo, kan hanyar Akwanga zuwa Jos, inda manyan motoci masu kaya suka riƙa matsa mini lamba daga baya.

Duk wanda na yi wa bayani yana da amsa a bakinsa tun kafin in gama magana. Wani ya ce famfon mai ne, wani ya ce a wanke nozul, wani kuma ya rantse cewa giya ce ta fara mutuwa, gara in sayar da motar tun tana da daraja. Wani abokin aikina ya ce tudun Jos ne kawai, domin iskar can ba ta da kauri. Maganarsa tana da tushe, saboda injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, kuma Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200 daga teku. Sai dai Kano ma tana kusa da mita 500, don haka bambancin da ke tsakaninsu ba zai ci fiye da kashi bakwai ko takwas ba, alhali abin da nake ji a ƙafata ya fi kama da rabin ƙarfin motar, kuma yana nan ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya.

Bakaniken da na kai wa motar dattijo ne wanda ya fara sana'a tun zamanin kafireto, daga baya ya koyi aikin motoci masu kwamfuta. Bai buɗe bonet ba sai da ya zaunar da ni a kan benci ya yi mini tambayoyi, kuma tambayar da ya fi nanatawa ita ce abin da allurar juyin inji take yi a lokacin da motar ta ƙi ja. Ya ce, "Malam, ka tuna da kyau. Allurar tana tashi sama ne motar ba ta bin ta, ko kuwa ita kanta allurar ce take ƙin tashi?" Na ce masa tana hawa da ƙyar, ta kai wajen 4,000 ta tsaya tana nishi. Ya ce to giya ta fita daga zargi, domin giyar da ke sulɓewa, ko kulocin da ya cinye a mota mai giyar hannu, sukan bar inji ya yi ta ihu allura ta haye sama ba tare da tayoyi sun samu rabonsu ba. Duk da haka ya zaro sandar man giya ya goga a farar takarda, ya duba launinsa, ya sansana. Man yana da sauran ja, ba shi da warin ƙuna, sai ya mayar da sandar ya ce mu wuce wurin.

Daga nan ya bi abubuwan da ba sa cin kuɗi. Ya sa yaronsa ya gwada iskar tayoyi, ya ɗaga shimfiɗar ƙafa ya tabbatar ba ta tattare a ƙarƙashin totur ba, sannan aka ɗaga motar da jak aka juya kowace taya da hannu don a ga ko birki yana kamawa. Duka suna juyawa sumul. Ya ce ya taɓa ganin motar da aka kusa sauke wa inji, ashe birkin hannu ne bai gama saki ba.

Tsarin da ya bi bayan wannan shi ne ya fi burge ni, kuma shi ne dalilin da ya sa nake rubuta wannan bayani. A cewarsa inji yana buƙatar iska, da mai, da wuta a daidai lokacinta, da matsi a cikin silinda, sannan da hanyar da hayaƙi zai fita, kuma duk motar da ta rasa ƙarfi to ɗaya daga cikin waɗannan ne ya samu naƙasa. Ya ce ba zai sa in sayi komai ba sai abin da gwaji ya nuna ya lalace, kuma zai fara daga mai araha ya tafi zuwa mai tsada. Na sha ganin akasin haka a garejoji, inda ake canza kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin mai mota har a dace, idan kuma ba a dace ba a ce injin ne ya tsufa.

Filtar iska ita ce ta farko. Da aka buɗe akwatinta aka fito da ita, ta yi ja da ƙurar hunturu, kuma da ya ɗaga ta ya kalli rana ta cikinta, haske ba ya ratsawa sai ta gefe-gefe. Ya hana yaron ya busa ta da kwamfaresa, domin iska mai ƙarfi tana yaga ƙananan ƙofofin takardar, ƙura ta riƙa wucewa kai tsaye zuwa cikin inji. Aka sa sabuwa. Sannan ya kwance sukurori biyu ya zaro sansar iska, wadda ke maƙale a bututun da ke bayan filtar. Ya nuna mini cikinta da fitilar waya: wasu 'yan siraran wayoyi ne guda biyu can ciki, waɗanda da ƙyar ido yake ganinsu, sun yi furfura da ƙura. Kwamfutar mota tana ɗumama ɗaya daga cikinsu, iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, kuma daga yawan wutar da ake buƙata don riƙe zafin ne ake lissafa nauyin iskar da ta shiga. Idan datti ya lulluɓe wayar, sai ta faɗi ƙasa da gaskiya, kwamfuta ta rage mai, mota ta yi sanyi. Ya fesa mata maganin wanke kayan lantarki daga nesa, bai taɓa ta da buroshi ko tsumma ba, ya ajiye ta a inuwa ta bushe kafin ya mayar. Da muka zagaya da motar, ta ɗan sake a ƙananan giya, amma da muka hau titin da ya miƙe, matsalar tana nan inda take.

A wannan zagayen ne ya lura da abin da ya canza alƙiblar binciken. Ya kashe motar, ya murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba suke kamawa gaba ɗaya ba tare da ya tayar da inji ba, ya ce in ƙirga su. Ta batir ta kama, ta baƙin mai ta kama, ta birki ta kama, amma ruwan ɗorawar nan mai siffar inji ba ta kama ba. Ya girgiza kai ya ce, "Ranka ya daɗe, an rufe wa motarka baki tun kafin ta zo hannunka." Wannan fitilar wajibi ne ta kama duk lokacin da aka murɗa makulli, ta mutu bayan inji ya tashi, domin ta haka direba zai san tana aiki. Daga baya da aka kwance allon, sai aka tarar an manna mata baƙin salatif ta ciki. Ke nan motar ta daɗe tana kuka ba a jin ta.

Ya ɗauko na'urar bincike ya jona ta a soket mai ƙofofi 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Tun daga 1996 dokar Amurka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a can wannan tsari da ake kira OBD-II, shi ya sa na'ura ɗaya take iya karanta kusan duk motocin da ke zuwa mana daga can. Lambobi biyu suka fito. Ta farko P0302, wadda ke nufin silinda ta biyu tana fashin kama wuta, abin da kanikawa ke cewa misin. Ta biyu P0420, wadda ke nufin katalis, wato tukunyar da ke tace hayaƙi a cikin salansa, ba ta yin aikinta yadda ya kamata. Yaron garejin ya yi farat ya ce ai shi ke nan, a fasa katalis a huta. Maigidansa ya dube shi ya ce ya je ya ɗauko gejin mai. Bayan yaron ya tafi ya yi mini bayani cewa lamba tana nuna inda kwamfuta ta ga alama ne, ba ta faɗin abin da za a saya. P0420 ta ce tukunyar ba ta tacewa, ba ta ce ta toshe ba, kuma akwai motoci da yawa da ke yawo da wannan lambar shekara da shekaru suna gudu lafiya lau. Ita ma P0302 ba ta ce kwayil ne, wato abin da ke bai wa fulogi wuta, ko fulogi ko nozul ko bawul ba.

Abin da ya fi ba wa muhimmanci a na'urar shi ne alƙaluman da ke motsi yayin da inji yake aiki, kuma a nan ne na ga bambancin wanda ya san aiki da wanda ya sayi na'ura kawai. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi ɗaya bisa nauyi. Kwamfuta tana zuba mai gwargwadon iskar da sansa ta faɗa mata, sannan ta saurari sansar hayaƙi, wadda ke auna iskar da ta rage a cikin hayaƙi, don ta ji ko haɗin ya yi daidai, idan bai yi ba ta ƙara ko ta rage, kuma na'urar tana nuna wannan gyaran a matsayin kashi cikin ɗari. Muddin yana tsakanin ƙarin kashi 10 da ragin kashi 10, ana ɗaukarsa lafiya. Ya ba ni tuƙi ya zauna a gefe da na'urar a cinyarsa, ya ce in taka sosai idan hanya ta buɗe. Iskar da sansa ta nuna a lokacin da na danne totur ba ta kai ko kusa da gram 100 a daƙiƙa ba, wanda shi ne abin da ake sa ran injin wannan girman zai sha idan ya buɗe gaba ɗaya. Ta tsaya ne a wajen rabin haka. Wannan yana iya nufin ɗayan abu biyu: ko sansar tana ƙarya, ko kuwa da gaske injin ba ya samun numfashi. Da ƙarya take yi, da iskar da ke shiga ta fi wadda aka lissafa, haɗin ya tsinke, kwamfuta ta yi ta ƙara mai har gyaran ya haura kashi 15 ko 20, wataƙila ma lambar P0171 ta fito. Amma a duk tafiyar da muka yi gyaran yana wasa ne kusa da sifili. Saboda haka sansar gaskiya take faɗa, kuma babu wata ɓarakar da iska ke satar hanya ta shiga ta gasket ɗin manifol (bututun da ke raba iska ga silindoji), gasket ɗin da aka san yana ba da matsala a irin waɗannan Corolla. Injin ne kawai ba ya iya jan iskar da ta kamata.

Duk da wannan alamar, bai tsallake mai ba, domin shi ne abin da mutane suka fi zargi, kuma ya ce gara a wanke shi da hujja. A wannan motar famfon mai da filtarsa suna cikin tanki ne, ana isa gare su ta ƙarƙashin kujerar baya, kuma babu wani bakin da aka tanada don gwaji, sai da ya cire bututun mai a wajen inji ya sa mahaɗi mai baki uku ya ɗaura geji. Littafin kamfanin ya ce matsin ya kasance tsakanin psi 44 da 50. A silo, wato inji yana aiki ba a taka totur ba, allurar ta tsaya cikin wannan iyaka. Ya ce wannan bai isa shaida ba, domin famfon da ya gaji yana iya riƙe matsi a silo, inda ake shan mai kaɗan, ya zube idan aka nemi mai da yawa. Ya fito da gejin ta gefen bonet ya ɗaure shi a jikin gilashi, muka sake hawa titi, na taka har motar ta fara nishinta, allurar ba ta motsa ba. Ya kuma tsiyayi man a kwalba mai haske ya ajiye shi ya kwanta, don a ga ko ruwa zai taru a ƙasa. Tun bayan abin da ya faru a watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol Najeriya har motoci suka lalace, ya ce ba ya raina wannan gwajin. Man ya fito garau. Famfon da mutum uku suka ce in canza ba shi da laifin komai.

Sai aka koma kan wuta. Wannan injin ba shi da distiribita. Kowace silinda tana da nata kwayil a zaune a kan fulogi. Dabarar da ya yi mai sauƙi ce, kuma ba ta ci ko kwabo ba. Ya cire kwayil na biyu ya musanya shi da na uku, ya goge lambobin, muka yi tafiya har misin ya sake bayyana. Da ya karanta, lambar ta koma P0303. Laifin ya bi kwayil ɗin zuwa sabon gidansa, ke nan nozul da bawul na silinda ta biyu sun kuɓuta. Da aka zaro shi aka duba a rana, akwai wani siririn layi fari-fari a jikin robarsa, inda wuta take tsallakewa zuwa jikin inji maimakon ta sauka bakin fulogi. Irin wannan kwayil yakan yi aiki a silo, sai an ɗora wa inji nauyi, matsi ya ƙaru a silinda, tartsatsi ya buƙaci ƙarfi, sannan ya gaza. Fulogogin ma aka fito da su aka jera bisa tsari. Uku sun yi launin toka mai ɗan ja, na biyu ya yi baƙi, kuma dukansu bakinsu ya cinye ya buɗe fiye da ƙima, abin da ke wahalar da kwayil har ya kashe shi. Tun da fulogogi suna waje, ya ɗaura gejin matsi a kowace silinda, yaron yana murɗa makulli, kuma huɗun suka fito kusa da juna, babu wadda ta yi ƙasa. Wannan ya kwantar mini da hankali ƙwarai, domin da ringi ne ko bawul, da maganar ta zama ta sauke inji.

Aka sa kwayil ɗaya da fulogogi huɗu. Karkarwar da nake ji idan na taka a tudu ta ɓace, muryar injin ta daidaita, kuma da wani bakaniken ne da a nan zai karɓi kuɗinsa ya sallame ni. Amma a babban titi allurar ta sake tsayawa inda ta saba tsayawa, iskar da na'ura ke nunawa ba ta ƙaru ba. Ya ce daman ya san ba a nan gizo yake saƙar ba, domin misin na silinda ɗaya lokaci-lokaci ba ya hana inji jan iska. An duba ƙofar shiga an ga a buɗe take, saura ƙofar fita.

Gwaji biyu ya yi, kuma na tsaya a kansa na ga kowanne. Na farko da gejin zuƙa ne, wanda ya jona a wani ƙaramin tiyo na manifol. A silo allurar ta tsaya cak a wajen inci 18, wanda yake daidai ga lafiyayyen inji. Ya sa yaron ya ɗaga juyin zuwa 2,500 ya riƙe ƙafarsa ba motsi. A injin da hayaƙinsa ke fita lafiya, allurar takan ɗan faɗi ta dawo inda take ta zauna. Tamu ta dawo, sannan ta fara zamewa ƙasa a hankali, 16, 14, 12, alhali ƙafar yaron ba ta motsa ba. Dalili shi ne hayaƙin da bai samu hanya ba yana taruwa a baya, ya hana silinda ta fitar da abin da ta ƙona gaba ɗaya, don haka idan fistin ya sauko don ya ja sabuwar iska sai ya tarar da tsohon hayaƙi ya cike rabin wurin. Wannan ne ya bayyana dalilin da ya sa motar take lafiya a cikin gari: ɗan hayaƙin da ake yi a ƙaramin gudu yana samun wucewa ta sauran ƙofofin da suka rage, sai an nemi ƙarfi ne hanyar take kasawa.

Gwaji na biyu ya fi wahala, domin a wannan injin manifol na hayaƙi yana baya ne, ta ɓangaren da ke kallon cikin mota, sai da aka jira ya huce kafin hannu ya shiga. Ya kwance sansar hayaƙi ta gaba, wadda ke gabanin katalis, ya ɗaura gejin matsi a raminta. Ƙa'idar da kanikawa ke bi ita ce kada matsin ya wuce psi 3 a juyi 2,500. Tamu allurar ta ninka haka ta wuce, tana ƙara hawa duk lokacin da aka taɓa totur. Don ya cire mini duk wani kokwanto, ya cire gejin ya bar ramin a buɗe, ya ce mu je ƙarshen layi mu dawo, ba nisa ba, saboda zafin da ke fita daga wurin yana iya ƙona wayoyi. Ƙarar ta cika unguwa, amma motar ta zabura da ƙarfin da na manta tana da shi. Ɗan ramin da bai fi kaurin babban yatsa ba ya isa ya nuna inda cutar take.

Da aka kwance tukunyar aka sauke ta ƙasa, ya buga ta da tafin hannu, sai muka ji wani abu yana kaɗawa a ciki. Ya haska fitila ta baki ɗaya ya ce in leƙa ta ɗayan. Cikin katalis yumɓu ne da aka yi shi da dubban ƙananan ƙofofi kamar saƙar zuma, an shafe su da ƙarafa masu tsada, wato filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ke mayar da iskar guba zuwa wadda ba ta da illa sosai. A lafiyayye haske yana ratsawa ta kowace ƙofa. A nawa tsakiyar ta narke ta dunƙule ta yi ƙyalli, gefe ɗaya ya farfashe, gutsattsarin sun juya sun tare sauran hanyar, haske ba ya fitowa sai ta wani ɗan lungu. Ya ce ruwa ba ya tsami banza: katalis yana aiki ne a zafin da ke tsakanin digiri 400 da 800 a ma'aunin Celsius, kuma ba ya narkewa da kansa. Duk lokacin da silinda ta biyu ta yi fashin wuta, ɗanyen fetur da iska suna tafiya salansa, su kama a cikin tukunyar, zafin ya wuce abin da yumɓun zai iya ɗauka. Don haka ne kwamfuta take sa fitilar inji ta riƙa ƙiftawa idan misin ya yi tsanani, alamar a rage gudu a tsaya, kuma wannan gargaɗin ne salatif ya ɓoye. Da an canza tukunyar kawai an bar kwayil ɗin, da an bar jaki ana dukan taiki, sabuwar ma haka za ta narke.

Saura shawarar abin da za a yi. Hanyar da ta fi yawa a garejojinmu ita ce a sa ƙarfe a farfashe cikin tukunyar, a zazzage, a mayar da fanko. Ƙarfin motar zai dawo, wannan gaskiya ne, kuma a halin tsadar da ake ciki tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ban ga laifin wanda aljihunsa ya tilasta masa ba. Amma ni ban zaɓi haka ba. Motar da aka fasa wa katalis tana fitar da hayaƙi mai guba wanda na bayanta a cunkoso yake shaƙa, ni ma da iyalina muke shaƙa idan tana aiki a cikin gida. Ban da haka, sansar hayaƙi ta baya za ta ga babu tacewa, lambar P0420 ta zauna dindindin, fitilar inji ta kasance a kunne kullum, kuma fitilar da ke kunne kullum ba ta da bambanci da wadda aka rufe, domin ranar da wata sabuwar matsala ta zo babu yadda za a gane. Akwai kuma abin da ya kamata mai mota ya sani: ɓaraguzan nan suna da masu saye saboda ƙarafan da ke jikinsu, shi ya sa wasu ke gaggawar ba da shawarar a fasa ko da tukunyar lafiyarta ƙalau. Bakanikena da kansa ya sa tsohuwar a buhu ya miƙo mini, ya ce dukiyata ce, in sayar in rage asara.

Mun je Ƙofar Ruwa tare muka nemi ta hannu wadda aka ciro daga irin motar. Bai yarda da maganar baki ba. Kowace aka kawo sai ya girgiza ta ya saurara, ya haska fitila ya leƙa, ya duba ko an yanka ta an sake walda, domin akan zazzage cikin a mayar da fanko kasuwa. Ya ajiye wasu kafin ya samu wadda ta gamsar da shi. Kafin a ɗaura, ya sa aka sauke tukunyar salansa ta baya aka girgiza ta da baki a ƙasa, sai ga gutsattsarin yumɓu suna zubowa, waɗanda da an bar su za su iya sake tare hanya a can. Aka sa sababbin gasket, aka mayar da sansa, mai gyaran waya ya cire salatif ɗin ya tabbatar fitilar tana kamawa tana mutuwa a lokacinta.

Gwajin ƙarshe da na'ura aka yi shi, ba da jin ƙafa kaɗai ba. Gejin zuƙa ya zauna daram a juyi 2,500, iskar da ake ja idan an danne totur ta kusan ninka ta da, allurar juyi ta wuce 4,000 ba tare da tsayawa ba, sansar hayaƙi ta baya kuma ta nutsu a wuri ɗaya maimakon ta riƙa hawa da sauka, alamar tukunyar tana tacewa. Ya ce in dawo bayan na yi tafiya mai nisa, domin kwamfuta ba ta yanke hukunci a kan katalis sai mota ta yi zafi ta yi gudu na wani lokaci, kuma da na koma babu lambar da ta fito. Game da sauran kwayil uku, waɗanda shekarunsu ɗaya da wanda ya mutu, na tambaye shi ko a canza su duka. Ya ce babu gwajin da ya kama su da laifi, don haka a bar su, amma in sayi guda ɗaya mai kyau in ajiye a but tare da sifana mai lamba 10, kuma ya nuna mini yadda ake zare soket ɗinsa da ƙusar da ke riƙe da shi.